Ranar da Baba Ya Faɗi Sunana

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa na riƙe da ƙasar nan, ina ajin ƙarshe na babbar firamare a Kankiya, ina ganin duk lardin Katsina babu mai kai irin nawa. Allah ya nuna mini iyakata da ƙaramin abu, wato kurkunu. Ana saura mako guda jarrabawar shiga sakandare ya fito mini a ƙafar hagu. Abokaina suka zauna jarrabawa, ni kuwa ina kan tabarma ana naɗe tsutsa a jikin tsinke. Da na miƙe an riga an gama ɗaukar ɗalibai, shekaruna kuma sun wuce a bar ni in sake zama baɗi. Abin da ya rage shi ne in koma ƙauyenmu Kaikai, can ƙasar Kusada, in ɗauki sanda in bi shanu. Ba na raina kiwo, da nonon shanun aka raine ni, amma na riga na ɗanɗana littafi.

Hedimastanmu ne ya nemo mini wata ƙofa. Ya ce akwai wata sakandare ta 'yan Katolika can kudu da Zariya, tana buɗe karatun hutu na mako shida idan ɗalibanta sun tafi gida da damina. Turanci da lissafi kawai ake yi, safe da yamma. A ƙarshe a yi gwaji, waɗanda suka yi fice a ba su gurbi a aji ɗaya. Shugaban makarantar, wani Bature limamin coci da kowa ke kira Fada, zai biyo hanyar Kano zuwa Katsina a kan babur, ya tsaya barikin Kankiya yini ɗaya ya rubuta sunayen masu so. Sharaɗinsa ɗaya ne: in yaro ɗan Musulmi ne, sai uban ya zo da ƙafarsa ya ce ɗansa ne, ya kuma ce ya yarda.

Na san ku 'yan yanzu za ku ce to mene ne a ciki. A gidanmu kuwa babban al'amari ne. Ni ɗan fari ne, mu kuma kunyar ɗan fari ta yi mana katutu. Ana yaye ni aka miƙa ni ga ƙanin mahaifina, wanda nake kira Baffa. Shi ya riƙe ni a Kankiya, shi ya sa ni boko. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ba ya zama tabarma ɗaya da ni, ba ya cin abinci ina kallo. In na je hutu ya ga dole sai ya aike ni, sai ya dubi akuya ya ce, "A gaya ma wancan ya ɗebo ruwa," alhali daga ni sai shi a tsakar gidan. Nakan ɗan dakata in ga ko akuyar za ta isar da saƙon.

Da na kai wa Baffa maganar, dariya ya yi. Ya ce, "Uba aka nema? To ga ni. Wa ya ce ba ni na ubanka ba?"

Ranar zuwan Fada muka yi sammako zuwa bariki. Fada na zaune ƙarƙashin darbejiya, fuskarsa ja wur, doguwar farar rigarsa duk jan laka, ga babban littafi a gabansa. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, don haka hedimasta ke tafinta. Fada ya yi mini tambayoyi da Turanci na amsa, ya ba ni lissafi uku na ci biyu, ya gyaɗa kai. Har ya cire murfin alƙalami, sai ya dubi takardar makarantarmu inda aka rubuta sunan mahaifina, ya tambayi Baffa sunansa. Suna ya sha bamban.

Fada ya ce a tambaye shi, shi ya haifi yaron?

Baffa ba ya ƙarya ko da wasa. Ya ce, "Wana ya haihe shi, ni na riƙe shi tun da aka yaye shi. To mi ya raba?"

Fada ya mayar da murfin alƙalami. Ya ce bara ya ɗauki wani yaro a kan maganar baffansa, uban ya kai ƙara wurin Di'o, Baturen mulki, cewa an sace masa ɗa za a raba shi da addininsa, saura ƙiris a rufe karatun hutun ɗungum. Tun daga nan ya yi alkawari sai ya ji daga bakin uba. Ya dubi agogonsa ya ce ƙarfe huɗu zai tashi don ya isa Katsina da sauran rana. In uban ya iso kafin nan, zai rubuta ni.

Lokacin hantsi ya ɗaga. Hedimasta ya dube ni, ya dubi kekensa, keken da ko ɗansa bai isa ya taɓa ƙararrawarsa ba. Ya ce, "Hau. In ka karya mini shi, kai da sakandare sai a mafarki."

Ban san ƙafar da kurkunu ya ci tana da sauran ƙarfi haka ba. Na isa Kaikai rana na tsaka, na sami mahaifina a gona yana maimai, gero ya kai masa gwiwa. Na tsaya ina haki, sai a nan na tuna ban taɓa fara yi masa magana ba a rayuwata. Na rasa ta inda zan kama. Sai na ari dabararsa, na dubi geron na ce, "Ana neman mai gonar nan a Kankiya, yanzu-yanzu."

Bai ɗago ba. Ya dubi hauyarsa ya ce, "Mi ya hwaru?"

Na zayyana wa gero komai, shi kuma yana saurare ta wajen hauya. Da na kai inda za a tambaye shi gaban jama'a ko ni ɗansa ne, sai ya ci gaba da nomansa kamar ban yi magana ba. Can ya ce, "Baffanai bai isa ba?" Na ce Bature ya ce bai isa ba. Ya ce, "To Bature bai san mutane ba." Ya sake sunkuyawa.

Ina tsaye hawaye na neman kunyata ni, sai ga mahaifiyata ta kawo masa fura. Ita ma ba ta faɗin sunana, amma ita bakinta ba ya mutuwa. Ta ji abin da ake ciki, ta ajiye ƙwarya, ta ce, "Malam, in ba ka tahi ba, wancan ya dawo gida ke nan. Kullum ka hito ɗaki ga shi, ka zamna cin tuwo ga shi, har tsuhwanka. Sai ka zaɓa, kunyar yini guda ko ta kullum."

Mahaifina ya miƙe tsaye. Ya jingine hauya, ya sha furar nan sarai, ya wanke ƙafa, ya zura rigarsa ta zuwa Juma'a da ke rataye a bukkar gonar. Ya dubi keke ya ce, "Ina aka zama bisa abin ga?"

Bai taɓa hawa keke ba. Ya zauna a kariyar baya ya riƙe ƙarfen sirdi, ya ja jikinsa baya don kada ko rigarsa ta shafe ni. Haka muka yi ta tangaɗi har muka iso wani rafi mai yashi, taya ta nutse, muka zube mu biyu cikin taɓo. Babu wanda ya ce wa wani sannu. Da muka sake hawa sai na ji ya kama gefen rigata da yatsu biyu. Kafin mu yi nisa hannunsa duka ya zagayo cikina. Ban taɓa jin hannun mahaifina a jikina ba sai ranar, kuma wallahi na so hanyar ta ƙara tsawo, duk da agogon Fada. Ina jin shi a bayana yana ta motsa baki ƙasa-ƙasa. Na ce a raina tsoho ya tsorata da keke, addu'a yake ja.

Muka iso ana kiran la'asar. Fada ya riga ya ɗaure jakarsa a bayan babur. Abin da ya ƙara ɓata lamari, dattawan da suka kawo 'ya'yansu ba su watse ba, sun ji labari sun tsaya ganin ƙarshe. Fada ya ciro littafin, ya nuna ni, ya ce a tambayi mutumin nan, wannan ɗansa ne?

Mahaifina ya dubi tayar babur ya ce, "Gidanmu yake."

Hedimasta ya fassara. Fada ya ce ba haka ya tambaya ba. Aka sake tambaya.

Mahaifina ya ce, "Ga Baffanai nan tsaye."

Hedimasta ya yi ta yi wa Fada bayanin al'adarmu da Turanci, har gumi na zuba. Fada ya saurara da kyau, ya ce ya fahimta kuma bai raina ba, amma in gobe Di'o ya tambaye shi ko ya ji uba ya yarda, me zai ce ya ji? Ya rufe littafi, ya hau babur, ya taka. Babur ya yi tari ya mutu.

Ni dai na sallama. Na tura keke gaban hedimasta na ce, "Ga shi, Malam, na gode, ban karya ba." Muryata ce ta karye a wajen. Da na juyo sai muka haɗa ido da mahaifina, karo na farko, ido cikin ido. Ban san abin da ya gani ba.

Fada ya ɗaga ƙafa zai sake takawa, sai mahaifina ya matsa ya dafa kan babur ɗin. Ya ce, "Dakata, Bature." Sannan ya faɗi sunana. Sunana na yanka, cikakke, da ƙarfi har 'yan kasuwar bakin hanya suka waiwayo. Ya ce, "Ɗana na. Na hwari. Ni na yi mai huɗuba, ni na yanka ragonai. Na yarda ya tahi ya yi karatu. Amma a bar shi ya yi sallatai biyar, in an hana shi guda in zo in ɗauke abina."

Wani dattijo ya rufe baki da hannun riga, Baffa ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai neman hadari. Fada bai jira tafinta ba. Ya sauko, ya buɗe littafi a kan tankin babur, ya ce da 'yar Hausarsa, "Na ji. Salla biyar." Ya rubuta ni. Mahaifina ya dangwala yatsa, ya goge a rigarsa, ya juya ya kama hanyar Kaikai a ƙasa. Hedimasta ya ce a mayar da shi a keke, ko waiwayowa bai yi ba.

Karatun hutun nan ban taɓa shan wuya irinsa ba. Ni da nake ganin babu kamata, rubutuna na farko ya dawo da jan alƙalami ya fi baƙin yawa. Yaran kudu suna zuba Turanci kamar da shi aka yaye su. Amma Fada ya cika alkawari, ya ba mu wani ɗaki bayan sito mu 'yan Musulmi, in lokacin salla ya yi shi da kansa yake nuna mini ƙofa da alli. Duk ranar da na ji zan tattara kayana in gudu, sai in tuna abin da tsohon nan ya kashe a kaina gaban dattawan Kankiya, in koma in buɗe littafi. Ranar da aka manna sakamako a allo, daga ƙasa na fara dubawa don na san kaina. Na yi ta hawa ban gan ni ba har gabana ya faɗi. Ashe ina can kusa da sama. Na sami gurbina a aji ɗaya, na yi ihun da sai da mai dafa abinci ya fito da ludayi a hannu.

Da na koma Kaikai da labari, mahaifina na zaune a zaure. Ya dubi bango ya ce, "An ce wancan ya ci. A ce mai ya kyauta." Daga ranar bariki har ya koma ga Allah bai sake faɗin sunana ba.

Na zama malami, na koyar shekaru masu yawa, an kira sunana a taruka da lasifika. Ɗana na fari kuwa ina kiran sunansa sau goma kafin azahar, har yakan ce in bar shi ya huta. Ban ce tsarin iyayenmu ya fi ba, ban kuma ce namu na yanzu ya fi ba. Na dai san ban taɓa jin sunana ya yi nauyi irin na ranar nan ba.

Bayan rasuwarsa ne nake ba mahaifiyata labarin keken, ina dariya, na ce Baba ya ji tsoro ranar, tun daga rafi har Kankiya addu'a yake ja a bayana. Ta dube ni ta girgiza kai. Ta ce, "Wace addu'a? Shi ya gaya mani da bakinai. Sunanka ya yi ta maimaitawa duk hanya, don kar a je gaban Bature harshenai ya ƙiya."