Wankan Jegon da Na Yi ta Waya

Ranar da aka bugo mini waya daga Fatakwal aka ce 'yata ta sauka lafiya, an sami namiji, ina tsaye ne a kan matakalar bayan gidanmu a Kafanchan, da kwanon dusar kaji a hannuna. Jikana na fari ke nan. Na rangaɗa guɗa, na yi jifa da kwanon, na shiga taka rawar da muke takawa a zumuntar mata ranar godiya. Na manta shaf cewa a kan matakala nake. Ina juyawa sai na tsinci kaina a ƙasa, idon sawuna ya yi ƙara kamar an karya rake, kaji suna tsallake ni suna wawar dusa.

Maigidana, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, ya fito a guje ya same ni ina dariya ina hawaye.

"Mene ne? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Baba. Na yi sabon miji!"

A wajenmu jika namiji mijin kakarsa ne. Baba ya dube ni, ya dubi ƙafar da ta fara kumbura, ya ce, "To, sabon mijin ya zo ya ɗaga ki."

A asibiti suka ce karaya ce, suka naɗe ƙafar da filasta, suka hana ni doguwar tafiya. Ga kayana na riga na ɗaure tun cikin yana wata bakwai: acca, dakakkiyar citta, daddawa, man kaɗanya da sabon tawul. Uwar mai jego ce ke zuwa wankan haihuwar fari, kowa ya san haka. Amma da yake na karye, sai uwar mijin 'yata, wata doguwar mata daga Zonkwa, ta shirya tafiya. Ta biyo ta gidanmu ta kwashi kayan da na tara, ta dafa kafaɗata ta ce, "Sannu, suruka. Ki huta abin ki, ni zan yi komai."

Wannan "komai" ɗin ya fi karayar yi mini zafi.

'Yata ce ta samo dabara. Akwai babbar waya da ta saya mini, wadda ban taɓa yin komai da ita ba sai amsa kira. Ta ce in danna koren wurin nan idan ta kira. Na danna. Sai ga shi! Ɗan mitsitsi, ja wur, ya dunƙule hannu kamar zai yi dambe, ga hancin gidanmu sak a fuskarsa. Na yi ihu har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Na sumbaci gilashin wayar, kiran ya katse. Suka sake kira, na sake sumbata, ya sake katsewa. A ranar na ce to, da babu gara ba daɗi, wankan jegon nan ni zan yi shi, ko da daga Kafanchan ne.

Haka kuwa aka yi. Da safe sai su jingina wayar a jikin bokiti, Maman Zonkwa ta zauna a kujera 'yar tsugunne da yaron a cinya, ni kuma ina nan ina ba da umarni, da ma na shekara da shekaru ina koyarwa a firamare, bakina ya saba.

"Ruwan nan bai yi zafi ba! Ban ga tururi ba!"

"Suruka, kina so in dafa yaron ne?"

"Ki gasa cibiyan da kyau. Ki miƙe masa ƙafa. A'a, ɗayan!"

"Yara bakwai na haifa fa, suruka."

"Amma wannan nawa ne."

Matar nan tana da haƙuri, Allah ya sani. Da ni ce da na tsoma wayar cikin ruwan zafin.

Ban tsaya a wanka ba. Na ce idan ya yi barci su jingina wayar kusa da gadonsa, su je su yi aikinsu, ni zan yi reno. Yadda aka rene mu, mai reno ba ta ɗauke ido daga kan yaro, ko ƙiftawa sai da dalili. Ni ma ban ɗauke ba. A gidanmu netwok ba ya kamawa sosai sai a gindin mangwaro, don haka can Baba yake kai mini kujera. Hasken rana yana dusashe hoton, sai na ƙure hasken wayar har ƙarshe. Hoton ya yi mini ƙanƙanta, sai na ari tabaran Baba da ya saya a kasuwa, na kawo wayar dab da hancina. Ina kallon cikin yaron yana hawa yana sauka, ina jin kamar an ba ni kujerar gwamna. Idan kuma sun kashe, in koma kan bidiyoyin da suka turo, in kalla, in maimaita. Duk wanda ya shigo gidan sai ya gani: fasto, mai tallan doya, har Alhajin da ke kawo mana nama, wanda ya sa albarka ya ce yaron ya yi kama da Baba, na ce ya ɗauki namansa ya tafi.

A mako na uku ne idanuna suka fara yi kamar an zuba yashi. Sai hawaye, sai ƙaiƙayi. Ciwon kai kuma ya riƙa tasowa daga gira ya zagaya har ƙeya. Na shafa man zafi, na tamke goshi da kallabi, na ce wa Baba sabon ɗauri ne ake yayi. Da safe wajen addu'ar iyali na buɗe Littafi Mai Tsarki, sai na ga haruffa suna hawan juna. Na rufe, na ce yau daga ka zan kawo aya. Wata ranar kuma ina cikin reno na ga jikana da hanci biyu.

Nan dariya ta tsaya mini. Uwata ta makance ne a ƙauyenmu da ke bakin rafi, wajen Godogodo, tun kafin in yi aure. Da na kai mata 'yata tana jaririya, da yatsu ta gan ta. Ta shafa goshi, ta shafa hanci, ta shafa kunne, ta ce, "Kyakkyawa ce, ko?" Tambayata take yi. Abin nan bai taɓa barin zuciyata ba. Na ji tsoro ƙwarai. Na ce ashe ni ma haka zan ƙare, ido zai tafi ban ga yaron nan a fili ba, sai ta gilashi. Ban gaya wa kowa ba, don na san abin da za su fara yi shi ne ƙwace wayar.

Matan zumunta ne suka tona ni. Sun zo dubiyar ƙafa da yamma, cikin zanensu iri ɗaya, da tulun kiɗa da caki. Shugabarmu ta ɗaga haɓata ta ce, "Malama, idon ki ya yi ja kamar gauta!" Nan take kowa ta zama likita. Wata ta ce hawan jini ne. Wata ta ce apolo ne, ciwon idon nan mai yaɗuwa, ta ja kujerarta baya. Wata ta rage murya ta ce baki ne, ai ba a nuna jariri ga kowa da kowa. Suka yanke shawara a yi waƙa a yi addu'a. Mai tulu ta dage, kowane bugu yana sauka a tsakiyar kaina. Na daure, na daure, sai na ji bakina ya ce, "Don girman Yesu ku tsaya, kaina zai fashe!"

Washegari Baba ya kira keke napep, aka loda ni da ƙafar filasta zuwa asibitin ido. Likitar da ta shigo, ashe yarinya ce da na koyar a aji ɗaya, mai yawan kuka a lokacin. Ta rusuna ta gaishe ni, sannan ta nuna allo a bango ta ce, "Malama, karanta mini." Ni da na koya mata baƙaƙen nan! Na karanta na sama, na ƙasa kuma na yi ta cinta. Ta haska idona, ta auna, ta yi tambayoyi. Baba ya zayyane mata komai, har gindin mangwaro, bai rage mini ko ɗaya ba. Da ta ji zancen tabarau ta riƙe baki.

Na kama hannunta na ce, "'Yata, gaya mini gaskiya. Irin na uwata ne?"

Ta ce, "A'a, Malama. Idon ki lafiyan shi ƙalau, gajiya ne. Kin hana shi ƙiftawa, ya bushe. Kin sa shi aiki a kusa tun safe har yamma, ga haske, ga tabarau da ba naki ba. Shi ya kawo ciwon kan."

Da ba don filasta ba da na sake yin rawa. Ta ba ni maganin ɗigawa, ta auna mini tabarau nawa na kaina. Ta ce in rage hasken wayar, in riƙe ta nesa da fuska, in riƙa ɗaga kai ina kallon dutsen Kagoro ina ƙiftawa. Amma da farko sai na huta sosai, ban da reno ta waya. Na ce yaron fa? Ta ce, "Yana da wata kaka, Malama." Ita ma ta koyi baki.

Baba ne ya karɓi aikin. Ina kwance a ɗaki da jiƙaƙƙen tawul a ido, shi yana gindin mangwaro yana ɗaga murya yana ba ni rahoto kamar yana tashar jirgi.

"Ya yi hamma."

"Sai kuma me?"

"Ya sake hamma. Kishiyana malalaci ne, ba ya komai."

Wata rana na jiyo yaron yana tsala kuka ta cikin wayar. Na ce Baba ya miƙo mini ita ta tagar da ke kusa da mangwaron. Idona a rufe na kama waƙar da uwata take yi wa jarirai da yarenmu, ita da ba ta buƙatar ido kafin ta yi reno. Kukan ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Sai na ji muryar Maman Zonkwa: "Suruka, kar ki daina, yana ji." Daga ranar ita da kanta take kira. "Suruka, mijin ki ya ƙi barci, zo ki yi aikin ki." Ita wanka, ni waƙa. Kan ya daina ciwo, aka cire filasta, muka zama ƙawaye.

Da Kirsimeti suka zo gida. Na saka sabon tabarau, na ci ado, na tsaya a ƙasa, nesa da matakala. 'Yata ta miƙo mini shi. Ya yi nauyi, ya yi kumatu. Ya kalli fuskata, ya taɓe baki, ya fashe da kuka yana miƙa hannu wajen Maman Zonkwa. Baba ya ce, "An sake ki ke nan." Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Sai na rufe ido na kama waƙar. Ya yi tsit. Na ji yana waige-waige, 'yata ta ce, "Mama, wayan yake nema!" Can sai na ji ɗan hannu mai ɗumi ya sauka a kan leɓena, ya tsaya a nan. Na ɗora yatsuna a goshinsa, na shafa hanci, na shafa kunne, yadda aka yi wa uwarsa. Ban tambayi kowa ko kyakkyawa ne ba. Na buɗe idona na duba da kaina.