Ganyen Runhu Daga Kura Zuwa Ikko

Kura

A ranin shekarar da aka canja kuɗi, 'yata Saude ta haihu a Agege, haihuwar fari. Likita ya hana ta doguwar mota, don haka ba ta zo gida wanka ba. Ga shi ba ta da kowa a can da zai tsaya mata a wankan jego. Surukina, mai dillancin tumatir a Ikko, ya aiko da tikitin jirgi a hannun wani direba.

Bayan sallar asuba na bi bakin kanal ɗin ban-ruwa na saro runhu, domin an ce babu shi a kudu. Na naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Malam, maigidana, yana shirin zuwa ban-ruwan alkama, ya dubi ƙunshin.

"Kafin ki kai ya zama kuka," in ji shi.

Na ce, "To, Malam, in ya bushe sai mu kaɗa miya."

Kano

Akori-kurar 'yan gwari, masu fataucin kayan miya, muka hau, ni da ƙanena Sule. Sojoji suka tsayar da mu sau ɗaya kafin mu shiga gari. A filin jirgi wani ma'aikaci ya kwance buhun, ya sunsuna.

"Baba, wannan fa?"

"Na mai jego ne, ɗana."

Ya ce tsohuwarsa ma da shi take wa ƙannensa, ya ɗaure mini da kansa.

An ce tashi ƙarfe goma, amma har azahar muna zaune. Nan ne hankalina ya tashi, don ganyen ya fara sunkuyar da kai. Ruwan shan da ke gorata na riƙa yayyafa masa, ni na haƙura da ƙishi.

Sama

Muka ɗaga ƙarfe biyu. Wata budurwa ta ɗaura mini ɗamara a kujera. Kusa da ni wani Alhaji ne ɗan Bunkure, motar tumatirinsa ta tashi tun jiya.

"Hajiya, yanzu haka tana wajen gadar Jaba. Za mu wuce ta kanta."

Na tambaye shi nisan. Ya ce ta sama kilomita ɗari takwas da 'yan kai ne, ta ƙasa ya haura dubu. Na rubuta a bayan tikitina da rubutun boko irin namu na yaƙi da jahilci. Kunnena ya toshe, na yi ta salati. Ban gama shan shayin da aka ba ni da daɗewa ba aka ce a shirya sauka. Awa ɗaya da rabi.

Agege

Surukina ya tare ni da tasi. Cunkoson motoci ya cinye mana lokacin da ya fi na jirgin. Kafin magariba dai na hura wuta, ruwa ya tafasa, na jefa runhu, da sauran ɗanyensa.

Saude ta fito tana dafa bango. Ta tsaya a kan tururin, ta lumshe ido.

"Inna, na bayan gonar Baba ne?"

"Shi ne. Tuɓe kafin ya huce."

Gida

Bayan arba'in na dawo a bas, kwana da wuni, ƙafafuna a kumbure. Na gode wa Allah, na gode wa surukina da Sule. Malam ya tambaya ko Ikko da nisa. Na ce ranar da na tafi, da jirgin ya tashi a kan lokaci, da na isa kafin ya gama ban-ruwa.