Kififiyar da Yaya Salihu ya bari

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Salihu, amma sai a wannan watan na ji ya tafi da gaske.

Masanin kiwon kifi ne, yana aiki a wani ɗakin bincike a garin Beltsville, nan ƙasar waje inda muke zaune. Sai dai abin da ya shiga ransa ba kifi ba ne, kififiya ce, wato kunkurun ruwa. Ya cika ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa da manyan robobi yana kiwonta, gida kullum ƙarni. In ka kuskura ka tambaye shi ya aiki, ka shiga uku, don sai ya zaunar da kai ya karanta maka amfanin namanta: yana gina jiki, yana ƙara jini, ba kitse da yawa. Burinsa ya kai wannan kiwo ƙauyenmu a Zamfara, inda tamowa ta kashe mana ƙanne biyu muna yara. Yakan ce kaza sai da hatsi, akuya a sace ta, kififiya kuwa kududdufi ya ishe ta, kuma ba ɓarawon da zai kalle ta.

Abin da ya ƙi gani shi ne, yadda ba mai sha'awar sata, haka ba mai sha'awar ci. Ya tambayi malamai, suka ce dabbar ruwa ce, halal ce. Ya yi farfesu ya kai taron 'yan gida. Ban taɓa ganin Asabar ɗin da likitoci da injiniyoyi suka tashi da azumin nafila kamar ranar ba. Wani dattijo ya leƙa tukunyar ya ce, "Dakta, Allah ya yi albarka, amma ni cikina bai yi boko ba." Yaya ya yi dariya, muka dawo da tukunyarmu muka ci mu biyu. Ya ce waɗannan ƙoshi ne ya dame su, can gida za a gane.

Can gida ɗin ne yanzu babu. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyen, mutanenmu suna kwana a azuzuwan wata firamare a cikin gari. Da na tambayi Kawu Bala a waya ko kududdufin da Yaya ya sa aka haƙa yana nan, sai ya ce, "Binta, wane kududdufi? Ko kabarin babanku ba mai iya zuwa." Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da yana raye. Mutum ne da ba ya rasa dabara, amma ina jin wannan ta fi ƙarfin dabararsa.

Da matarsa ta sayar da gidan, sauran kififiyar suka dawo ɗakina a garin Laurel. In na dawo daga aikin kula da tsofaffi, sai in canja musu ruwa, ina gaya wa kaina wata rana za a kai su gida. 'Ya'yansa kuwa, da ka yi musu Hausa su amsa da Turanci, sun raɗa musu sunaye, maganar ci ma tsoro take ba su.

A watan jiya mai gidan haya ya gano su, ya ce ko su ko ni. Doka ta hana a sake su a kogi. Na kira duk wanda ya zubar da hawaye ranar jana'iza, kowa ya yi mini addu'a mai kyau. Ƙarshe wata abokiyar aikina 'yar ƙasar Biyetnam ce ta zo da mota ta kwashe su tana murna, don a wurinsu abincin girma ne.

Bayan kwana biyu ta nuna mini hoton jikokinta a waya, kowa riƙe da kwanon romo, kumatu ɓul-ɓul. Ta ce har ƙari suka nema. Na yi mata murmushi, na shiga banɗaki na yi kukana. Yaya ya yi gaskiya, yara suna so, kuma yana gina su. Abin da ya rage na aikinsa ke nan: ya shiga cikin yaran da ba su taɓa kwana da yunwa ba. Allah ya jiƙansa, ya dubi waɗanda Yaya ya yi aikin domin su.