Sadiku da akwatunan mutane

Har yau ban manta da ranar da muka tsaya gaban mai unguwa saboda Sadiku ba. Shekarun farko ne bayan sojoji sun koma bariki, ina manaja a wani shagon intanet a Gwale. Ku yaran yanzu ba ku san daɗin wancan zamanin ba. Kwamfuta shida gare mu, da janareto mai tari kamar tsoho. Mutum ya yanki tikiti, mu rubuta masa lokacin shiga, ya zauna yana jiran shafi ya buɗe har shayinsa ya huce. Amma wallahi ina kewar wurin.

Sadiku ɗan shekara sha shida ne, ɗan wani tela a Kabara, yana shirin jarrabawar gama sakandare. Kansa na ja ƙwarai. Duk wanda ya manta kalmar sirrin imel ɗinsa, shi muke kira ya buɗe masa, mu tafa, mu ce Injiniya.

Wata Laraba da hantsi Alhaji Bala, mai fataucin fata a Jakara, ya shigo yana huci, akwatin imel ɗinsa ya ƙi buɗuwa. Da na bincika sai na tarar an saka wa kwamfutocinmu wata manhaja mai kwafe duk abin da mutum ya danna. Da na tambayi Sadiku, bai ma yi gardama ba. Ya shiga akwatunan mutum tara, ya karanta wasiƙunsu, ya canja kalmomin sirrin, wai yana so ya ga ko zai iya.

Mai shago ya ce, "Malam Habibu, ka miƙa shi ga 'yan sanda kawai." Na san in ya shiga can, jarrabawa ta wuce shi. Na roƙi a fara zuwa wurin mai unguwa.

Bayan la'asar muka hallara a zaure. Alhaji Bala ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓarawo ne, a ɗaure shi!"

Mai unguwa ya juyo gare ni. "Wa ya koya masa?"

"Shi ya koya wa kansa. Amma mu muke sa shi buɗewa. Har na Alhaji ya taɓa buɗewa bara."

"To, a cikinku akwai wanda ya taɓa ce masa wannan shiga gidan mutane ne ba sallama?"

Kunya ta rufe ni, Alhaji Bala kuwa sai gyaran hula yake.

Mai unguwa ya ce ba za a kai shi ko'ina ba, amma ba a yafe ba. Zai bi gidajen mutanen nan tara ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Ni da mahaifinsa za mu raka shi, tunda da mu aka yi.

A gida takwas ya sha faɗa, ya ba da haƙuri ido a bushe. Na tara gidan Hajiya Gambo ne, wata tsohuwa da ɗanta ke karatu a Sudan. Ba ta iya karatun boko ba, jikarta ke zuwa shagonmu duk Juma'a ta buga wasiƙarsa a takarda, ta je ta karanta mata. Jikar ta kasa buɗe akwatin, tsoro ya sa ta riƙa cewa babu saƙo.

Hajiya ta saurari Sadiku har ya gama, sannan ta ce, "Ashe yana rubutowa? Sati uku ina zaton wani abu ya same shi ana ɓoye mini. Yaro, tunda ka karanta, gaya mini, lafiyarsa ƙalau?"

Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya. Ya ce a gaishe ki." Daga nan ya durƙusa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ni ma sai da na share ido.

Ya rubuta jarrabawarsa, ya ci. Ni kuwa tun daga ranar, kowane yaro na zaunar gaban kwamfuta, kafin na nuna masa inda ake kunnawa sai na gaya masa cewa bayan kowane akwati akwai mutum yana jira. Da mun gaya wa Sadiku haka tun farko, da Hajiya Gambo ba ta yi sati uku tana zullumi ba.