Tsanin Maƙwabcina

Shekarar da na ajiye alli na dawo Gure da zama, na zo da wani hali da aiki ya koya mini: ban yarda da kowa ba. Shekara talatin ina kallon 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, suna rantsuwa a kan ƙarya, har idona ya saba da neman abin da aka ɓoye. Wanda ya fara shan wannan hali nawa shi ne maƙwabcinmu, wani dattijo mai awaki, wanda lungu ɗaya ya raba gidansa da namu tun zamanin babana.

Laifinsa tsani ne. Wata safiya gab da damina na fito na ga tsaninsa jingine da soron babana, ɗaki ɗaya tak da ya rage cikin abin da marigayi ya gina da hannunsa. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya buɗe baki ke nan na riga shi. Na ce gida akwai mata, kuma ba a ɗora tsani a bangona sai da sanina. Ya dube ni ya ce, "To, Mushe." Haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu. Ya ɗauke abinsa. Na koma ciki ina jin daɗi, wai na yi maganin mai leƙe.

Tsakiyar damina, wata rana bayan azahar, aka tsuge da ruwa kamar ba za a daina ba. Matata ta ƙwala mini kira, soro na zuba. Na shiga na tarar da jan ruwa yana ɗiga ta tsakanin azara, a kusurwar gabas kuwa azara biyu sun fara lanƙwasa. Na fita lungu na ɗaga kai. Indararon kowa a unguwa yana ambaliya, nawa ko ɗigo babu. Ruwan duk yana kwance a kan rufin ƙasa, yana jiƙa shi yana ƙara masa nauyi.

Indararon nan a lungu yake zuba, daidai bangon garken awakin dattijon. Ban ɓata lokaci ba na yanke hukunci a raina: shi ya toshe shi don kada ruwa ya ci masa bango, kuma ranar tsanin ya yi aikin. Raina ya ɓaci.

Na kira maginin da ke yi mana yaɓe. Yana garin Bune, ruwa ya yanke hanya, sai jibi. Ya ce in cire wutar ɗakin, in fitar da kaya, in tokare azarar da ta lanƙwasa, kada kowa ya taka rufin, sannan a buɗe indararo ko ta halin ƙaƙa, in ba haka ba soron ba zai kwana a tsaye ba. Muka kwashe akwatin littattafan babana da buzunsa na salla, muka jera bokitai da kwanoni. Abin tokarewa ne ba mu da shi.

Sai ga sallama. Dattijon ne, jiƙe sharkaf, ya saɓo gwafa biyu da ya tuge daga rumfar awakinsa. Maimakon in gode, tambaya ce ta zo mini: wa ya gaya masa? Na ce a raina, mai laifi ne ya kasa zama. Ya sa guntun katako a ƙasa, ya kafa gwafannin a ƙarƙashin azara, yana bugawa a hankali. Ni kuwa hannunsa nake kallo, kada ya yi wani abin da zai ƙarasa ɗakin.

Muka fita lungu. Na gwada sanda daga ƙasa, ba ta kai ba. Sai ya ce, "Mushe, in kawo tsanin ko in bari?"

Na ce ya kawo, amma ni zan hau. Ba jarumta ba ce. So nake in zaro tsumman da ya cusa da hannuna, in nuna masa a gaban jama'a.

Ya riƙe mini tsanin na hau, na zura hannu har gwiwa. Rairayi na fara damƙowa, irin wanda iska ke tarawa duk tsawon rani, sai tsohuwar sheƙar tsuntsu, sai rairayi kuma. Na laluba, na sake lalubawa. Babu tsumma, babu leda, babu komai na hannun mutum. Ruwan ya ɓalle ya buge ni a ƙirji, ya sauka kan bangon garkensa. Ina kallo ƙasar bangon tana narkewa. Shi ko waiwayawa bai yi ba, tsanin yake riƙe da shi da hannu biyu.

Duk da haka ban saki zargin gaba ɗaya ba. Na kwana biyu ina cewa ai rairayi ma ana iya zubawa.

Da magini ya iso ya duba, ya ce soron ya tsira, amma azara biyun nan sun tsage, dole a sauke kusurwar gabas. Na tsaya ina kallo ana zare itacen da babana ya ɗora, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Dattijon yana gefe yana cuɗa ƙasa yana miƙa wa magini.

Magini ya leƙo daga sama ya ce masa, "Baba, bana ba ka hau ba ne? Tun rasuwar mai gidan nan kai kake share rufin nan da indararonsa kafin ruwan fari. Ban taɓa sanin soron nan da zuba ba."

Na ji kamar an watsa mini ruwan indararon a karo na biyu. Na jira dattijon ya faɗi abin da ya faru, don da ni ne da na faɗa, har da ƙari.

Ya ci gaba da cuɗa ƙasarsa ya ce, "Ƙafa ce, ɗana. Bana ta fara ba ni wahala."

Ƙafarsa lafiya lau take. Da ita ya tokare mini tsani shekaranjiya.