Gayyar da Kaka ta kira wa mai alƙalami

Taubashina, ɗan kawuna, shi ne mutum na farko daga unguwarmu a Wurno da En'e ta tura jami'a can Kudu, zamanin Turawa. Da ya zo hutun damina ya zo da aiki: dogon rubutu kan noman fadama, wanda in bai koma da shi ba, malaminsa Bature ya ce kujerarsa ta zama ta wani.

To, ni dai ban ga rubutu ba. Na ga fiƙe fensir. Na ga an tafi Rabah gaida gwaggo, an tafi kasuwar Goronyo neman tawada alhali akwai ta cikin akwati. Mutumin da bai taɓa son hauya ba, sai ga shi da sassafe yana rantsuwa ciyawa za ta cinye geron kawu. Kullum na leƙa ɗakinsa nakan ce, "Malam Gobe, an tashi lahiya?" Ya jefe ni da takalmi, in gudu ina dariya.

Saura kwana kaɗan motar Sakkwato ta ɗauke shi, Kaka ta tsare shi a zaure.

"Kai, mi ag gare ka?"

"Kaka, aiki na yay yi min yawa."

Kaka abu ɗaya ta sani game da aikin da ya yi wa mutum yawa. Ta aika a faɗa wa unguwa akwai gayya.

Wayyo, ranar nan! Samari suka zo da hauyoyi, makaɗi ya rataya gangar noma, mu mata muka tuƙa tuwo tukunya-tukunya. Aka ɗora teburinsa kan jaki, ƙafafu sama, aka kai shi bakin gonar kawu ƙarƙashin tsamiya. Wani tsoho ya ce a raba takardun, kowa ya kama kuyyarsa, wato kunyarsa ta noma. Da aka nuna masa Turanci ne, ya ce to shi ya yafe, a ba shi ciyawa.

Kafin azahar an share gonar tas, uzurin taubashina ya tafi da ita. Samari suka nufo tuwo. Al'adar gayya kuwa ba a buɗe abinci sai an kai ƙarshen aiki, sai Kaka ta zauna gaban tukwane, ta miƙe ƙafa.

"Saura kuyya guda," ta ce, tana nuna tebur. "Ba mai ci sai yak kai gehe."

Kun taɓa ganin ƙattai masu yunwa sun kewaye mutum suna kallon bakin alƙalaminsa? In ya ɗaga kai, a ce "Duƙa!" In ya cika shafi, makaɗi ya saki ganga, mu rangaɗa guɗa, ni har da rawa da takardar a ka. Dariya ta sa cikina ciwo.

Da na kai masa ruwa ne ya yafito ni kusa. A hankali ya ce, "Ba ƙyuya ba ta. Tsoro nika ji in rubuta shirme, a ce iyakar Wurno ke nan."

Tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa tunanin haka ba. Amma taubashi ba ya lallashi. Na ce, "Ga Wurno nan gabanka, kuma yunwa taka ji. Rubuta shirmen mu ci tuwo."

Ya tuntsire da dariya, ya duƙa, bai sake ɗagowa ba.

Bayan la'asar ya ajiye alƙalami. Ganga ta ɓarke, samari suka ɗaga shi sama da kujerarsa. Tuwon ya yi sanyi ƙalau, ba wanda ya damu.

Kaka, wadda tun da nake ban taɓa ganin ta ba yaro abinci kafin dattawa ba, ta ɗebi malmala ta farko, ta wuce liman, ta wuce kawu, ta dire gabansa.

"Ci," ta ce. "Kuyyarka ta hi ta kowa tsawo, kuma kai ɗai kan nome ta."

Ya sunkuyar da kai yana ci, hawaye na ɗiga cikin miya. Ranar nan kaɗai na ƙyale shi ban tsokane shi ba.