Ritaya, Dokin da Aka Bar wa Babana

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ina aji biyar na firamare, muna haya a wani gida mai ɗakuna takwas a Unguwar Boro. Idan an tuna wannan shekara, mutane kan yi maganar zaɓe da rantsarwa. Ni kuwa ƙarar kofato nake fara ji, yana dukan bangon bulo a bayan ɗakinmu.

Babana, Yohanna, ya daɗe yana kula da dawakin wani hafsan soja mai buga ƙwallon doki a tsallaken gada. Da mulki ya canza hannu aka yi wa ogan ritaya, ya sayar da dawakinsa ya koma garinsu. Ɗaya ne ya rasa mai saye, wani jan ingarma mai farin goshi, wanda kowa a barga ya san tutsunsa. Ogan ya ce wa Baba ya ɗauke shi kyauta. Haka Baba ya dawo gida ba aiki, yana jan doki, yara na binsa a baya. Kafin yamma 'yan unguwa sun raɗa wa dokin suna Ritaya.

Ritaya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Baba ya kafa masa turke a lungun bayan gida, ya yini yana zagaye shi har ƙasa ta yi rami. Leda ta tashi, ya zabura. Acaɓa ya danna hon a titi, ya miƙe a kan ƙafafun baya. Ya ciji kafaɗar Baba, ya harbi bokitin mamana ya lotsa shi. Baba kuwa hanya ɗaya ya sani, wadda aka koya masa a bariki: linzami mai kaifi da bulala. Kowace safiya zai ɗaura sirdi ya hau, dokin ya yi ta tsalle da juyi har ya kayar da shi, shi kuma ya tashi ya zane shi. Daga nan ya yi wanka ya fita neman aiki, ya dawo da yamma bai samu ba, ya kasa zama, ya yi ta kai da komo tsakanin ƙofar ɗaki da ƙofar gida.

A lokacin Kaka Ladi, mahaifiyar Baba, tana wurinmu. Ta zo daga ƙauye wajen Zonkwa don a duba mata gwiwa, sai zaman ya miƙe. Ba ta yarda da risho ba, ta ce abincinsa warin kalanzir yake. Duwatsu uku ta jera a tsakar gida, kuma da an gama tuwon yamma ba ta kashe wutar. Takan tura rogo cikin toka, mu yaran gidan mu kewaye ta. Ba ta buɗe labari yadda malamarmu ke yi a makaranta. Cewa take yi, "Mai kunne ya matso, mai baki ya koma wurin uwarsa." Hausarta a karye take, idan labari ya yi zafi sai ta zame cikin yarenmu, 'ya'yan maƙwabta su yi ta zungurina in fassara musu.

Abin ya ɓaci ne wata Asabar. Magoya bayan sabon kansilanmu suka biyo ta layinmu da ganguna da jerin acaɓa. Ritaya ya tsinke igiya ya fito a guje ta ƙofar gida. Maƙwabciyarmu Maman Alheri na suyar ƙosai a bakin hanya, ya yi fatali da kaskon, man ya watsu dab da inda jaririyarta ke kwance a tabarma. Allah ya tsare, ɗigo biyu ne suka taɓa ƙafar yarinyar. Sai a bakin rafi aka kamo shi, jikinsa na rawa, kumfa a ƙirjinsa.

Mai gidanmu, Baba Dogo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba mai faɗa ba. Amma ran nan ya tsaya a tsakar gida ya dubi babana, ya kira shi da sunana yadda aka saba, ya ce, "Baban Hannatu, ni ban ba doki haya ba. Nan da mako biyu, ko shi ya fita, ko ku fita tare."

Baba ya ce, "Na ji, Baba." Ya shiga lungu da bulala. Muna jin dukan daga tsakar gida. Mamana ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Washegari bayan coci aka kawo wani dillali da ke loda dawakai a mota zuwa kudu, inda ake yanka su. Suka yi magana a ƙofar gida, ya ce motarsa za ta biyo ranar Asabar ta sama.

A yammacin Lahadin nan Kaka ta fara labarin godiyar maharbi. Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, Baba kuwa yana zaune a benci bakin ƙofa, ya juya mana gefe.

Wai a wani ƙauye a gindin dutse an yi wani maharbi mai 'yar ƙaramar godiya, irin dawakin mutanenmu na dā da ake hawa ba sirdi. Wata rana wutar farauta ta rutsa da su. Maharbin ya mutu, godiyar ta dawo gida ita kaɗai da ƙonanniyar geza. Tun daga ranar ba ta ƙara yarda da mutum ba. Ƙannen mamacin suka ce za su gyara ta. Na farko ya yi ta dukanta, ta karya masa haƙarƙari. Na biyu ya hana ta abinci kwana uku, ta cinye rufin rumbunsa. Na uku ya ɗaure mata ƙafafu ya hau, da aka kwance ta kai shi cikin ƙaya ta juye.

"Sai matar maharbin ta ce a bar mata," in ji Kaka. "Ba ta ɗauki sanda ba. Turminta ta ja ta kai kusa da godiyar, ta juya mata baya, ta kama surfen acca."

"Kaka, me ya sa ta juya baya?" na tambaya.

"Abin da zai cinye ka ido yake zuba maka. Ta nuna mata ita ba ta zo cin kowa ba. Ke, juya rogon nan kada ya ƙone."

Nan ta tsaya a ranar. Muka yi ta magiya, ta ce gwiwarta na ciwo.

Da na dawo makaranta ran Litinin ban same ta a tsakar gida ba. Na leƙa lungu, sai ga ta a kan kujerarta 'yar tsugunno, tazarar da igiyar Ritaya ba ta kaiwa, ta ba shi baya, tana ɓarar gyaɗa a faifai tana rera waƙar zumuntar mata ƙasa-ƙasa. Dokin na can ƙarshen igiya yana huci, kunnuwansa a kwance.

"Zo ki zauna," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kada ki kalle shi."

Ban taɓa yin abu mai wuya kamar wannan ba. Bayana ya yi ta tsuma, kowane motsinsa ina ji kamar a wuyana. Awa guda muka yi. Washegari ta matsa da kujerar taki ɗaya. Baba ya same mu a haka ya ce, "Mama, don Allah ki tashi daga nan. Dokin nan zai kashe mutum."

"Gyaɗa nake ɓara, Yohanna. Nan ne da inuwa."

"Shekara nawa ina aikin nan? Wannan ba ya gyaruwa."

"To, ai ban ce zan gyara shi ba."

Ya yi tsaki ya fita. Amma a makon nan bai ɗaura sirdi ba, don ba zai yi dambe da doki uwarsa na zaune a wurin ba.

Kowace yamma labarin na ƙaruwa kaɗan. Matar maharbi ta bar dusa a bayanta, godiyar ta zo ta ci. Ta taɓa wuyanta da bayan hannu, ta janye tun kafin godiyar ta janye. Ta yafa mata zaninta a gadon baya, ta cire, ta sake yafawa, har zani ya zama ba komai ba. Kaka ta ce matar ta koyi kallon kunne: idan ya miƙe gaba, a ci gaba, idan ya kwanta, a koma surfe. A lungu ma haka muke yi. Kwana na shida ina zaune na ji iska mai ɗumi a ƙeyata, da gashin baki yana gogar kitsona. Na ƙame. Kaka ta ce a hankali, "Ci gaba da ɓara." Ritaya ya shinshina kafaɗata, ya zura kai ya kwashi ɓawon gyaɗa. Da na saci kallo sai na ga Baba tsaye a bakin lungu, takardun neman aiki a hannunsa.

Ranar Juma'a, jajibirin zuwan mota, Kaka ta ƙarasa. Wai ɗan matar ya taka maciji, mai magani kuma yana bayan dutse. Ta kama gezar godiyar ta haye, ta kai ta, ta ɗauko mai maganin, yaro ya rayu. Muka fara tafi, ta ɗaga hannu. Ta ce bayan wata guda matar na dawowa daga gona a kan godiyar, fakara ta tashi fir daga ciyawa, godiyar ta watsar da ita, hannunta ya karye.

"Haba Kaka!" in ji ɗaya daga cikin yaran. "Ba ta warke ba ke nan?"

"Wa ya ce muku ta warke? Har ta mutu tana jin tsoro. Matar ce ta san da haka, ta ɗaure hannu ta sake hawa. Labari ya ƙare, kowa ya nemi uwarsa."

Motar ta zo da hantsi, wata tsohuwar roka da dawakai huɗu a ciki, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Yaran dillalin suka jingina katako, mutum uku suka kama igiyar Ritaya. Ya taka katakon sau ɗaya, ya ji ya yi ƙara, ya ja da baya ya turje. Ɗaya ya zaga bayansa da gora, ɗaya ya murɗe masa kunne. Dokin ya yi wata haniniya da ban taɓa jin irinta ba, ya durƙusa a kan gwiwa, suka ci gaba da dukansa. Duk layin an fito. Ina riƙe da zanin Kaka, na ji jikinta na karkarwa.

"Ya isa," in ji Baba.

Dillalin ya ce, "Oga, haka ake loda su."

"Na ce ya isa. Sakar masa kunne. Na fasa."

Suka yi ta surutu kan man da suka ƙona, bai kula su ba. Ya karɓi igiyar, ya sassauta ta har ta taɓa ƙasa, ya juya wa dokin baya ya tsaya. Motar ta tafi, 'yan kallo suka gaji suka ragu, shi yana tsaye cikin rana. Na ga gumi ya jiƙa bayan rigarsa. Can Ritaya ya miƙe, ya yi ta huci, ya tako ya tsaya dab da kafaɗarsa. Baba ya fara tafiya, ya bi shi.

Baba Dogo ya ce, "Baban Hannatu, maganata fa tana nan."

"Na sani, Baba. Yau zai bar gidan."

Yayan mamana na da gona a hanyar Kujama. A ƙafa Baba ya kai Ritaya can, suna ratsewa cikin ciyawa duk lokacin da babbar mota ta taho. Da farko yakan je duba shi ne ranar Asabar, daga baya ya karɓi wani yanki na gonar ya shuka masara, bai ƙara zagayen ofisoshi da takardu ba. A gonar na fara hawan Ritaya, ba sirdi, Baba na riƙe da ragama yana cewa, "Kalli kunnensa, Hannatu, bar kallona." Ya kayar da ni sau biyu. Ya shekara tara a wurin, kuma har ƙarshe ba a iya buɗe laima kusa da shi.

Yanzu ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara. Nakan haɗu da yaron da ya sha allura har ya tsani duk mai farin kaya. Ba ni da haƙurin Kaka, ga layi na jira, sau da yawa riƙe shi ake yi a gama. Amma idan na sami sarari nakan zauna a gefen gadon in ba shi gefena, in yi ta rubutu a fayil har ya miƙo hannu ya taɓa agogona. Na daɗe ina ɗauka cewa abin da labarin ya koya mini ke nan, dabara ce ta tsofaffi masu sanin dabbobi.

Bara, bayan shekaru da rasuwar Kaka, na tambayi Baba ko a wurin mahaifinta ta koyi sha'anin doki. Ya yi dariya har da tari.

"Wane doki? Gidansu ko jaki ba su taɓa ajiyewa ba. Kakarki tsoron doki take yi tun tana yarinya. Duk shekarun da na yi a barga, ko sau ɗaya ba ta yarda ta shiga ba."

"To labarin fa?"

"Ni dai ban taɓa jin sa ba sai a wancan lokacin. Ina jin da rana take ƙirƙira shi a lungu, ta faɗa muku da yamma." Ya murza gwiwarsa. "Bayan na dawo daga Kujama na tambaye ta me ya kai ta zama a wurin. Ta ce ta ga yadda hannuna ya saba da bulala, ga ni ba aiki, ga ku a gida. Ta ce ba ta san inda hannun zai je ba idan doki ya tafi."